Kwanon roba ya ishe ni, wane iri zan saya wa karnukana?

Mai_Zaki_da_Gimbiya:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kiwon karnuka ku taimaka min da shawara a kan kwanon abinci da na ruwa. Karnuka biyu gare ni, ɗaya Jaman Shefad ne namiji mai suna Zaki, wata takwas da haihuwa, kilo 25 a awon ƙarshe kuma har yanzu girma yake, ɗayar kuma Gimbiya, tsohuwar karya ce Koka Sifaniyal mai dogayen kunnuwan nan, ita kilo 12. Dukansu a kwanon roba suke ci suke sha.

To shi namijin wlh ya mayar da kwanon abin wasa, yana gama ci sai ya ɗauke shi a baki ya koma gefe ya kwanta yana gwaguya, bakin kwanon duk ya zama kaca-kaca, na ruwa kuma da ƙafa yake taka gefensa ya kifar, in na fita na dawo sai in tarar ba ruwa ko ɗigo su biyun suna ta haki. Ga shi da hadama, abinci kafin ka juya baya ya wawure, ba tauna ba komai, wani lokacin ma ya dawo da shi yadda ya shiga. Kwanan nan kuma na ga wasu ƙananan ƙuraje a haɓarsa, wani ya ce min wai robar ce ke kawo su, shin haka ne?

Ita kuma Gimbiya matsalarta kunne, duk abin da ta ci sai kunnuwanta sun ci rabinsa, in ta sha ruwa su jiƙe sharkaf ta bi gida tana ɗiga.

Sai tambaya ta ƙarshe, na ga a intanet ana tallan wani ɗan teburi mai ramuka biyu da ake saka kwanuka a ciki, wai babban kare bai kamata yana sunkuyawa ƙasa ba saboda wuyansa da bayansa. In saya wa Zaki ko kuwa? Na gode, Allah ya saka da alheri.


Dattijon_Karnuka:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ajiye robar nan yau ba sai gobe ba, ba ma don ƙurajen ba, don gwaguyar. Karen da ke cizgar roba yana haɗiye ɓarɓashinta, ƙanana su wuce ta kashi ba ka ma sani ba, amma ranar da ya ɓalli babban yanki mai kaifi ya tsaya masa a hanji to maganar tiyata ake yi. Kuma duk inda haƙori ya karce ko soson ƙarfe ya goge, wannan ɗan tsagin da kake gani maɓoyar ƙwayoyin cuta ce, sabulu ba ya kaiwa can, shi ya sa tsohon kwanon roba ko ka wanke shi sau nawa in ka sansana sai ka ji ƙarni.

Kwanon silba za ka nema, ina nufin bakin ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, ba alminiyam mara nauyi da ke lotsewa ba. Ba ya fashewa, ba ya riƙe wari, ruwan zafi ba ya masa komai, kare kuma in ya gwada haƙori sau ɗaya ya ji ba daɗi shikenan ya haƙura. Amma silbar ma suna suka tara. Ka juya gindin kwanon ka duba, mai kyau za ka ga an buga 304 ko 18/8, ma'ana kashi 18 na ƙarfen kuromiyam ne kashi 8 nikel, irin wanda ake tukwanen girki da shi kenan. In babu rubutu ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka matsa gefensa da yatsu, wanda ya lanƙwashe a hannunka ba zai yi ƙarko a hannun Shefad ba. Sannan ka shafa farin ƙyalle mai ɗan mai a ciki, wasu sabbin kwanukan suna zuwa da baƙin maiƙon da aka goge su da shi a masana'anta, sai an wanke sosai da ruwan zafi kafin a fara zuba abinci.

Maganar kifarwa kuma siffar kwanon ce ba ƙarfensa ba. Kwanon da bakinsa ya fi gindinsa faɗi dole ya kife in an taka gefe. Akwai wanda ake yi musamman don karnuka, gindinsa a baje samansa a tsuke, ba shi da leɓen da kare zai kama da baki ko ya danna da ƙafa, kuma da zoben roba a ƙasa don kada ya riƙa zamewa. Wannan za ka saya. Zoben dai ka riƙa cire shi lokacin wanki don datti na taruwa a ƙarƙashinsa, mutane da yawa ba su ma san yana fita ba. In kuma a waje suke kwana, bokitin silba mai gefe ɗaya a shafe wanda ake maƙalawa a jikin keji ko bango da ƙugiya ya fi komai, ko ka sami tsohuwar taya ƙarama ka zaunar da kwanon a tsakiyarta, sai dai ya gaji ya bari.

Bokitin ƙarfe mai ruwan toka irin na gini kada ka yi amfani da shi, tutiya aka shafe shi da ita, in ya tsufa ko abu mai tsami ya zauna a ciki tana iya saki, kuma tutiya in ta yi yawa a jikin kare jini take lalatawa.

Ita 'yar tsohuwar taka akwai kwanon da aka yi don irinsu, dogo ne mai ƙaramin baki, bakinta kaɗai ke shiga kunnuwan su zubo ta waje. Ka auna faɗin kanta kafin ka saya don kar ka kawo wanda zai matse mata fuska ta ƙi ci. Wasu kuma ɗan ƙyalle mai roba suke zura musu a kai lokacin cin abinci ya tattare kunnuwan baya, ni dai ban cika son shi ba, aiki ne kullum safe da yamma, kwanon kuwa sau ɗaya za ka saya.

Teburin da ka ce, ni ban taɓa saka wa nawa ba kuma ban ga sun yi ƙorafin wuya ba, amma bari masu ilimin abin su zo su yi bayani.


Maman_Bingo:

Baba Dattijo a yi min afuwa, ban musa maka ba amma ba kowane kare ne ke shiri da silba ba fa. Nawa ɗan mitsitsi ne kuma matsoraci, ƙarfen da ke rataye a wuyansa in ya bugi kwanon ya yi ƙara sai ya yi tsalle baya ya ƙi komawa, har inuwarsa da yake gani a gindin kwanon haushi yake mata. Tangaran na koma kuma lafiya lau. Yana da nauyi ba ya yawo a ƙasa, ba ya ƙara, ruwa kuma ya fi daɗewa da sanyi a ciki, silba kam in rana ta same ta ko kai ba za ka iya taɓawa ba balle harshen kare. A wuraren da ake ƙanƙara ma cewa ake kar a bar kwanon ƙarfe a waje don harshe na iya mannewa a jiki.

Sai dai tangaran yana da sharuɗɗansa. Na farko ka tabbatar wanda aka yi don cin abinci ne, ba na ado ba, domin wasu masu fenti mai ƙyalli ɗin nan ana samun dalma a cikin abin da aka shafe su da shi, kuma dalma guba ce da ke taruwa a jiki sannu a hankali. Na biyu da zarar ya tsage ko bakinsa ya ɓantare, ko da tsagin kamar gashi ne, to ya gama aiki, ƙasar da ke ƙarƙashin shafen tana shan ruwa da maiƙo ba yadda za ka wanke ta.

Amma gaskiya ɗan'uwa ga Zakinka mai ɗaukar kwano a baki ban ba ka shawarar tangaran ba, ranar farko zai tarwatsa shi a siminti ya yanke dasashi. Gimbiya za ka iya saya wa. Kuma don Allah ka riƙa busar mata da kunnuwan nan in sun jiƙe, irinsu ba sa rabo da ciwon kunne saboda iska ba ta shiga.


Likita_Na_Dabbobi:

Salam. Baba Dattijo da Maman Bingo sun gama maganar ƙarfe da tangaran, ni teburin ne ya sa na tsaya, don a nan ne rai yake.

Malam kar ka saya wa Zaki teburin nan. Akwai wata cuta da ke kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Giret Den, Jaman Shefad, Dobaman da Sen Banad, tumbin ya cika da iska ya kumbura sannan ya juya ya murɗe a kan kansa, ƙofar shiga da ta fita duk su toshe, jijiyoyin jini su matse. Kare mai lafiya garau da yamma zai iya mutuwa kafin asuba. Shekaru da yawa shawarar da ake ba masu irin waɗannan karnuka ita ce a ɗaga musu kwano, wai zai rage iskar da suke haɗiya. To sai a shekarar 2000 Lawrence Glickman da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar karnuka sama da 1,600 manya da ƙatta, abin da suka gani akasin haka ne, waɗanda ke ci a ɗagaggen kwano sun fi kamuwa. A lissafinsu kusan kashi 20 cikin 100 na cutar a manyan karnuka, da kusan kashi 52 a ƙattan, ana iya danganta shi da ɗaga kwano. A yi adalci dai, wannan bincike alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa teburin ne ke murɗe tumbin ba, mai yiwuwa masu karnukan da dama can suke cikin haɗari su ne suka fi bin tsohuwar shawarar suna ɗaga kwanon. Amma ka duba ta wannan fuskar, babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna teburin yana kare lafiyayyen kare daga wani abu, akwai kuma wadda ta nuna zai iya cutarwa. Kare wata takwas ba abin da ke damun wuyansa, a ƙasa aka halicce shi ya ci.

Inda muke cewa a ɗaga kwano shi ne tsohon kare mai amosanin gaɓɓai ko ciwon wuya da sunkuyawa ke wahalar da shi, nan ma ɗagawa kaɗan, sai kuma karen da bututun abincinsa ya saki ya buɗe ba ya iya tura abinci zuwa ciki, shi ma ba teburi ke masa aiki ba, zaunar da shi ake a tsaye cikin wata kujera ta musamman ya ci, a bar shi a haka minti 20 zuwa 30. Don haka in akwai mai buƙatar ɗagawa a gidanka Gimbiya ce, in ka ga tana ɗari-ɗarin sunkuyawa ko ƙafafunta na gaba suna rawa lokacin ci.

Abin da ya fi damuna a bayaninka hadamar ce, domin binciken nan dai ya nuna saurin ci yana ƙara haɗarin murɗewar a manyan karnuka. Akwai kwano mai tudu-tudu da lunguna a ciki wanda ke tilasta wa kare ya riƙa zaƙulo abinci kaɗan-kaɗan da harshe, yawancinsu na roba ne wanda kuma bai dace da mai gwaguya ba, amma ana samun na silba mai tudu ɗaya a tsakiya. In ba ka samu ba ka baza abincin a babban tire mai faɗi, ko ka kifa ƙaramin kwano a tsakiyar babba ka zuba a kewaye. Wasu dutse suke sakawa a ciki, in za ka yi haka to ya zama ƙato wanda ko kusa ba zai shiga bakinsa ba, mun sha ciro duwatsu daga cikin karnuka. Ka raba abincin yini gida biyu ko uku maimakon tuli ɗaya, kar a yi guje-guje dab da ci ko bayan ci, kuma ka raba su wuri lokacin cin abinci, sau da yawa ganin ɗayan a kusa ne ke sa kare ya riƙa haɗiya kamar za a ƙwace.

Alamun da in ka gani ba jiran gari ya waye: ciki ya kumbura ya yi tauri, yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, yawu na dalala, ya kasa zama ya kasa kwanciya. A ɗauke shi sai asibiti a lokacin.

Dawo da abinci da ka ce yana yi, ka lura da kyau. In bayan ka rage masa sauri ya daina to hadama ce. In kuma ya ci gaba, abinci na zubowa haka kawai ba tare da ya yi yunƙuri ba, ba a narke ba, to ka kai shi a ɗauki hoton ƙirji, don sakin bututun abincin da na faɗa ana ganinsa a Shefad.

Ƙurajen haɓa kuwa, roba na iya taimakawa ta hanya biyu, gogar fata a bakin kwanon da ya yi kaushi da kuma ƙwayoyin cutar da ke zaune a tsagogin, wasu karnukan ma jikinsu ne ba ya shiri da sinadaran robar har hancinsu ya ɗashe. Amma ƙananan karnuka masu tasowa suna yin ƙurajen haɓa ko da wane kwano suke ci, musamman masu gajeren gashi, kuma akwai ƙwaron fata da ke fara nuna kansa a fuska a wannan shekarun. Ka canza kwano, ka riƙa goge masa haɓa da tsumma mai tsabta bayan ci, kar ka matsa su. In sati biyu zuwa uku ba sauƙi, ko gashin wurin ya fara zubewa, a kankari fatar a duba a madubin likita.


Sarkin_Zolaya:

Kai jama'a, kare har da teburin cin abinci? Saura cokali da adiko kenan. Ni nawa tsohuwar tukunyar silba da hannunta ya karye na ba shi, ko sau ɗaya bai taɓa kai ƙarata ba.


Dattijon_Karnuka:

Sarkin Zolaya dariya kake amma tukunyar taka ta fi rabin kwanukan da ake talla, in dai ba mai baƙin shafen nan da ke ɓarewa ba ce. Tambayar ita ce yaushe rabonka da wanke ta.


Mai_Zaki_da_Gimbiya:

Kai na gode ƙwarai wlh, Likita Allah ya ƙara basira, teburi kam an fasa. Saura abu biyu. Wane girma zan saya, musamman na ruwa, kuma kwano ɗaya ya ishe su sha tare ko sai kowa da nasa? Na biyu maganar wanki da Baba ya taɓo, na abinci ai Zaki lashe shi yake tas har yana ƙyalli, na ruwa kuma ruwa ne kawai a ciki, ɗauraya ba ta isa ba? Sannan tururuwa na damuna a na Gimbiya don ita a hankali take ci tana bari tana dawowa.


Yar_Gidan_Kiwo:

Yaya wannan ƙyallin da kake gani bayan ya lashe ba tsabta ba ce, yawu ne ya bushe. Gobe ka zuba ɗan ruwa ka shafa yatsa a cikin kwanon, na ruwan ma haka, za ka ji wani santsi mai yauƙi. Ƙwayoyin cuta ne suka yi wa kansu shimfiɗa suka manne, kamar dattin da ke taruwa a haƙori in ba a goge ba, ɗauraya ba ta ɗaga shi sai an sa soso an dirje. Wani lokacin za ka ga ya yi ja-ja ko ruwan hoda a daidai inda ruwa ke tsayawa, in kuma rana na dukan kwanon ya yi kore da gansakuka.

A 2011 wata ƙungiyar duba tsabta ta Amurka mai suna NSF ta bi gidaje tana gwada kayan amfani don ganin inda ƙwayoyin cuta suka fi yawa, kwanon dabbobi ya zo na huɗu, bayan soson wanke-wanke da wurin wanke-wanken da abin ajiye buroshin baki. Kuma abin ba a kan kare kaɗai ya tsaya ba, irin su salmonela mutum ma suna kama shi, balle in akwai yaro mai rarrafe da ke zuwa yana wasa da ruwan.

Ni yadda nake yi, kowane kare kwanon abinci biyu gare shi, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa, da an gama ci in kwashe in wanke da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Sosonsu daban, ba ya haɗuwa da namu, kuma ba soson ƙarfe ba don yana karce silba. Na ruwa kullum da safe in zubar in dirje in zuba sabo, ba ƙari a kan na jiya ba. Sau ɗaya a sati in jiƙa su a ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, minti 10, in ɗauraye sosai in kife su bushe. Kar ka bar silba ta kwana a bilic yana cin ta, kuma kar ka haɗa bilic da wani sinadarin wanki.

Dirjewar nan tana da wani amfanin ma, akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi daidai saman ruwa, ƙwan kuma yana jure bushewa, in ka zubar da ruwa kawai ka sake cikawa sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro.

Tururuwa kuma kar ka fesa maganin ƙwari kusa da kwano. Ka sami tire mai ɗan zurfi ka zuba ruwa kaɗan ka zaunar da kwanon a tsakiya yadda bai taɓa gefe ba, ba sa iya tsallakewa. Amma abin da ya fi shi ne ka daina barin abincin a ƙasa, ka ajiye mata minti 15 zuwa 20 in ba ta cinye ba ka ɗauke sai lokaci na gaba, za ta gane da kanta. Abincin da ya kwana a waje ba tururuwa kaɗai yake kira ba har ɓeraye, kuma fitsarin ɓera a kwano ko a ruwa yana ɗauke da cutar da ke kama ƙoda da hanta, kare da mutum duka.


Likita_Na_Dabbobi:

'Yar Gidan Kiwo ta faɗi gaskiya, kuma Malam ba kai kaɗai ba ne, a wani bincike da Jami'ar Jihar North Carolina ta fitar a 2022 an tambayi masu karnuka 417, kashi 12 cikin 100 ne kacal ke wanke kwanon kullum, kashi 18 kuwa sai ya wuce wata uku ko ma ba sa wankewa sam. Silba mai tsada da ba a wankewa ba ta fi sabuwar robar da ake dirjewa kullum ba.

Girma kuma lissafi ne mai sauƙi. Kare yana buƙatar ruwa kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a yini. Zaki mai kilo 25 kenan lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, Gimbiya mai kilo 12 kuma mililita 600 zuwa 720. Lokacin zafi ko bayan guje-guje ya fi haka, mai shayarwa ma haka, mai cin busasshen abincin buhu kuma ya fi mai cin jiƙaƙƙe shan ruwa domin na buhu ruwan cikinsa kusan kashi 10 ne, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75. Tunda Zaki zai ƙara girma kuma rabin abin da ya ɗiba a ƙasa yake zubarwa, ka sayi mai cin lita 3 zuwa 4. Kuma ka ajiye ruwa wuri biyu a inuwa, nesa da juna, in ya kifar da ɗaya akwai ɗaya, in kuma ya kwanta ya tare wuri kamar yadda samarin karnuka ke yi tsohuwar ba za ta zauna da ƙishi ba. Shan ruwa a kwano ɗaya ba laifi ga karnukan gida ɗaya masu lafiya da rigakafi, amma da ɗaya ya fara tari ko gudawa ko amai a raba komai. In aka ce fabo ce, wato cutar gudawar jinin nan ta 'yan kwikwiyo, ruwan bilic ɗin mako-mako bai isa ba, kashi ɗaya na bilic a kashi 30 na ruwa ake yi, bayan an wanke dattin tukuna, kwanon roba kuma a jefar.

Na abinci kowa da nasa dole. Ya zama ya ɗauki abincin lokaci ɗaya ya rage sarari, kar ka sayi ƙato don ido yana ruɗin mutum, in ka ga abinci ɗan kaɗan a gindin babban kwano sai hannu ya ƙara, haka ƙiba ke farawa, ga Koka dama da saurin ƙiba. Ka auna a sikeli ko ka ware kofi ɗaya na awo, kar ka riƙa ɗiba da kwanon da suka ci a ciki daga buhu.

Tunda Gimbiya ta manyanta, lokaci-lokaci ka ware ta yini ɗaya da nata ruwan, ka auna abin da ka zuba da safe ka auna abin da ya rage washegari. In ta wuce mililita 100 a kowane kilo, a wurinta lita 1.2 kenan, kuma ba zafi ake ba, ka kawo ta a gwada jini da fitsari, ciwon suga da na ƙoda haka suke fara sallama. In kuma ba a cire mata mahaifa ba kuma ba ta daɗe da gama yanayin barbara ba, yawan shan ruwan nan kar ka jira ko kwana ɗaya, mahaifa ce ke iya tara mugunya.